Amfilin da Ya Yi wa Zali Kwanci

Takardar haihuwar Zali ta ce an haife ta "wajajen 1970" a Galma, ƙasar Madawa, ita kuwa ba ta taɓa yi wa takardar gardama ba. Ba ta yi lakwal ba, watau makarantar boko. Kiwon zabbi ta gada wurin uwarta. Ta auri Alƙasim, manomin gero mai sanyin hali, wanda ba ya son a ambaci gidansa a bakin masallaci ko da alheri ne. Sun haifi ƴaƴa shida, duka sun yi aure sun watse.

Duk mai kiwon zabbi ya san zabuwa uwar banza ce. Za ta zuba ƙwai a ciyawa ta tafi yawonta, sai dai a sa wa kaza ta yi kwanci. Shekara talatin Zali tana haka, har damanar da ciwon kaji ya shigo Galma ya share kajin gari cikin mako biyu. Zabbin Zali ko tari ba su yi ba. Ƙwai kawai suke ta zubawa, ga shi babu mai kwanci.

A damanar nan ne ƙanenta Abdulmumin ya dawo noma daga Agadas, inda yake kaɗa gita a wuraren biki. Ya zo da gitarsa, da faifan sola biyu, da batirin kamiyo, watau babbar motar kaya, da wani baƙin akwati da yake runguma kamar jariri. Ɗakinsa yana yoyo, don haka ya kawo kayan ajiya wurin yayarsa.

"Mi a cikin akwatin?" in ji Zali.

"Yaya, wanga ba akwati ba ne. Amfili sunanshi, shi ka ƙara ma gita murya." Ya nuna mata wani maɓalli mai lambobi kewaye da shi. "Akwai ƙwaƙwalwa ciki kamar ta telefon. Shina kwaikwayon muryar manyan amfili goma sha shidda na ƙasashen waje, kowace lamba da tata. Amma sirrin shina nan baya." Ya juya akwatin, wanda bayansa a buɗe yake, ya nuna wani ɗan gilashi mai jan haske. "Ƙwai ne, irin na rediyon da. In ya ɗau zahi sai sautin ya yi ɗumi."

Cikin duk bayanin nan kalma biyu Zali ta riƙe, ƙwai da ɗumi. Ta zura hannu bayan akwatin, ta daɗe ba ta fitar ba.

Washegari, da Abdulmumin ya tafi gona, ta jera ƙwan zabbi talatin da ɗaya a ƙwarya bisa auduga, ta tura cikin amfilin, ta rufe da tsohon zane, ta kunna yadda ta ga ya yi. Ta tafi ɗiban ruwa. Da ta dawo ta tarar jan hasken ya mutu. Ta sake kunnawa, ya sake mutuwa. Sai ta aika gona aka kira mai abu.

Abdulmumin ya ga ƙwaryar, ya dafe kai da hannu biyu, ya yi salati. Amma ita ta goye shi yana yaro, babu bakin musu. Ya gaya mata haka masu ƙirar suka yi shi: in aka yi minti ashirin ba a taɓa gita ba, sai ya kashe kansa.

"To zamna ka kaɗa."

"Yaya, kwana nawa?"

"Ashirin da bakwai."

"Gonata hwa?"

Haka Zali, wadda ko gwangwani ba ta taɓa bugawa ba don wasa, ta rataya gita a wuya. Da farko tsirkiya ɗaya take fizga da babban yatsa, ta koma ga tuƙin tuwonta. Barcin dare kuwa rabawa suka yi da Alƙasim, bisa sharaɗin kada kowa ya ji. Shi da karan gero yake tsokanar tsirkiyar daga nesa, don in an tambaye shi ya iya rantsewa hannunsa bai taɓa abin kiɗa ba.

Sai dai amfili ba ya riƙe asiri. Maƙwabciyarsu Fatsima ta leƙo ta katanga ta ce, "Zali, yaushe kunka zama maroƙa?" Kafin azahar maganar ta kai bakin rijiya. Alƙasim ya rasa inda zai sa kansa, ya tafi ya ɗauko liman don a raba gardama.

Liman ya zauna a tabarma, ya ce a yi masa abin da aka saba yi. Zali ta fizgi tsirkiya. Wata ƙara ta fito kamar an taka wutsiyar akuya. Liman ya runtse ido, ya ce ta sake. Ta sake.

"Malam Alƙasim, kwantar da hankalinka," in ji liman. "Da ƙuruciya na ji kiɗa iri-iri, Allah shi yahe mani. Wanga ba kiɗa ba ne."

Da liman ya dawo bayan mako biyu, da wataƙila hukuncin ya canja. Gajiya da tsirkiya ɗaya ta sa Zali ta ƙara ta biyu, sannan ta uku. Ta gano in ta danne wuyan gitar sautin yana hawa. Ba ta san waƙar kowa ba, sai ta bi luguden da mata ke yi a turmi, har wani ɗan taƙaitaccen sauti ya zauna mata a yatsu. Ta bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya tana saurare kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa. Lamba uku ta fi kwanta mata, mai taushi. Lamba bakwai tana maimaita sauti kamar an yi magana cikin rijiya. Lamba goma sha ɗaya kuwa ruri take kamar injin niƙa ya haɗiye dutse.

Ran kwana ashirin da biyar Abdulmumin ya shigo da gudu, telefon a hannu. Wani abokinsa na Agadas ya gaya masa in aka danne wani ɗan maɓalli na daban yayin kunnawa, amfilin ba zai ƙara kashe kansa ba. Watau duk wahalar nan ta mako uku da rabi ba ta da dalili. Alƙasim ya dubi karan da ke hannunsa, ya tashi ya fita.

"Bar shi yadda shike," in ji Zali. "Sun saba."

Ƴan tsaki ashirin da huɗu suka ƙyanƙyashe, kuma babu wanda ya dubi zabbin da suka yi ƙwan. Akwatin suka sani. In Zali ta sa lamba uku sai su taru su ci gara da ɓarzajjen gero. In shirwa ta gilma ta murɗa goma sha ɗaya, su ruga ƙarƙashin rumbu. Da suka girma sai suka daina gudu. Da jin goma sha ɗaya sai su miƙe wuya su auka wa duk abin da ke motsi, har suka kashe maciji biyu, suka kuma kori mai tallan katin waya.

Bayan kaka aka yi bikin Husaina, ɗiyar Fatsima, aka gayyaci Abdulmumin. Bayan la'asar ya kafa kayansa a ƙofar gida, ya fara da lamba uku. Bai kai tsakiyar waƙa ba sai ga zabbi ashirin da huɗu sun keto cikin mutane a jere, sun tsaya gabansa suna jiran abinci. Aka yi dariya. Shi kuwa abin ya ba shi haushi, ya ce bari ya kore su da ƙara, ya murɗa goma sha ɗaya.

Mai ɗaukar hoto suka fara kayarwa. Kawun ango ya haye amalanke da babbar riga. Tiren shinkafa uku suka kife, mata suka watse kowa da takalmi a hannu, Abdulmumin kuwa ya jefar da gita ya shige bayan tukunyar miya.

Zali ta taso daga cikin masu rabon abinci, ta goge hannu a zane, ta ɗauki gitar. Ta mai da maɓallin lamba uku ta kaɗa ɗan luguden nan nata. Zabbi suka tsaya cak, suka dawo suka kwanta kewaye da akwatin. Ta ci gaba da kaɗawa don kada su sake tashi. Tsofaffin mata suka ji sautin turmi a ciki, suka shiga fili ɗaya bayan ɗaya, Fatsima ce a gaba. Har aka kira magariba ba a bar ta ta ajiye ba.

Daga baya aka yi zaman sulhu a zauren Alƙasim. Aka yanke cewa amfili zai yi rani a Agadas wurin mai shi, ya yi damana a Galma, tunda zabbi ma da damana suke ƙwai. Abdulmumin ya ce ya yarda, amma a riƙa share masa kashin tsaki kafin a mayar. Abokan kiɗansa sun ce har yanzu in akwatin ya ɗau zafi yana warin akurki.

Zali ta yi damana huɗu a haka. An gayyace ta kiɗan biki har daga garin Urno, ta ƙi, ta ce ita makiyayiya ce. Bara wasu masu aikin taimakon mata suka ji labarinta, suka zo da farar mota suka kawo mata injin ƙyanƙyasa na gaske, mai cin ƙwai ɗari da ashirin, mai juya su da kansa. Ta gwada shi sau ɗaya, kusan duka suka fito. Amma ta ce ƴan tsakin ba su da tarbiyya, ko an kira su ba sa waiwayowa, ta rarraba wa maƙwabta. Injin yana nan a kusurwar ɗakinta, a ciki take ajiye daddawa da busasshiyar kuɓewa saboda ɓeraye.