Raili Mai Cuɗa Ba Ta Magana

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar saunar unguwarmu, wato gidan wankan tururi, a garin Kotka ya san Raili Toivakka, in bai san sunanta ba ya san hannunta. Ita ce mai cuɗa. Ka fito daga ɗakin tururi jikinka ya yi laushi, ka kwanta a bencinta, ta kwara maka ruwa, ta murje ka da soso tun daga wuya har tafin ƙafa. Ranar maza ita ce, ranar mata ita ce, da rigarta ta roba da wannan fuskar tata da ba ta san dariya ba. Mutanen gari suna yabonta. Ni kam na tsane ta, kuma ba na ɓoyewa.

Bakinta ake yabo. Uwarta ce ta fara aikin, ta jawo ta tun tana budurwa, ta gaya mata cewa abin da aka gani a benci a benci ake barinsa. Mu dama ba ma kallon jikin juna a sauna, balle mu tanka. Amma Raili ta ɗauki abin ta mai da shi addini. Matuƙan jirgin ruwa sun kwanta mata da miki a gabansu, ta wanke su ta sallame su suka tafi gida wurin matansu. Wani ma'aikacin masana'antar takarda ya daɗe yana zuwa da maraina ɗaya a kumbure, ba ta ce masa uffan ba. Tsohon fastonmu yana da tawadar Allah a tsakiyar baya, inda shi ba zai taɓa gani ba. Tana faɗi, tana ƙara baƙi, gefenta na karkacewa, Raili kuwa tana bi ta kanta da soso duk mako har aka binne shi. Ba daga bakinta na ji waɗannan ba, daga matansu na ji. Kalmominta a duniya ba su wuce "kwanta", "juya", "tashi" ba.

Yayata Aune mai dafa abinci ce a kantin tashar jiragen ruwa, kuma Asabar ba ta wuce ta a sauna. Tana son zafi mai tsanani, tana son dukan jikinta da damin ganye har fatarta ta yi jawur. Shi ya sa da nononta na hagu ya fara ja, ya ƙi komawa, sai ta ɗora wa ganyen laifi. A wannan shekarar ina garin Turku wurin 'yata da ta haihu, sai dai mu yi waya. Wata rana Aune ta kira ni tana dariya.

"Ke Varpu, tsohuwar nan taki ta fara ha'inci fa."

"Ba tawa ba ce, Yaya. Me ta yi?"

"Ko'ina sai ta murje ni kamar tukunya, amma da ta zo gefen hagu sai ta tsaya, ta zagaye wurin ta wuce. Rabin cuɗa take mini yanzu!"

Muka yi ta dariya, muka koma hirar jika.

Da na dawo a lokacin kaka, sai na tarar da ita cikin ƙatuwar rigar sanyin mijinta, don tata ta daina shigarta ta gefe ɗaya. Na ja ta sai asibitin unguwa. Likitar ta zaunar da ita ta ce, "Mama, ɗaga hannuwanki sama. Yawwa. Yanzu riƙe ƙugu ki danna." Ina tsaye ina kallo. Na hagun ya fi ɗan'uwansa girma, ya yi ja, da ɗumi, fatar ta yi ramuka ƙanana kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki. Likitar ta sa yatsu a hammata ta taɓo kaluluwa mai tauri, sannan ta juyo ta tambaye mu.

"Tun yaushe yake haka? Ba wanda ya gani?"

Aune ba ta ga narkewar ƙanƙarar tashar ba, a hunturun nan ta rasu. Bayan jana'iza aka zauna a zauren coci ana shan miyar kifi da kofi, sai ga Raili cikin baƙaƙen kaya, ta samu kujera ta zauna kamar 'yar gida. Na je na tsaya a kanta.

"Inna Raili, kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani," ta ce. "Tun farkon ɗumin bara."

"Kika yi shiru?"

"Ni likita ce? Cuɗa aka kawo mini. Ranar da na fara buɗe baki, wa zai ƙara tuɓewa a gabana?"

"Allah wadaran wannan amanar taki! Muguwa kawai!"

Mutane suka sunkuyar da kai, don a wurinmu ɗaga murya a zauren coci ya fi abin da ta yi muni. Ita kuwa ta shanye kofinta, ta miƙa hannu ta ƙara yankan burodi.

Shekaru suka wuce ban taka saunar ba. In na hango ta a kasuwa sai in tsallaka titi. Har hotonta aka buga a jaridar gari, wai macen da ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Na naɗe ƙayar kifi da shi.

Watan jiya ina taje kai a gaban madubi, hannuna a sama, sai na ga ɗan loɓawa a ƙasan nonona na dama. Na sauke hannu, ya ɓace. Yau in ce tsufa ne, gobe in ce shatin riga ne. Tsoron ɗakin likitan nan nake ji, gaskiya, don na san abin da na gani a cikinsa. Sai ranar mata ta zo, na ɗauki tawul na tafi sauna.

"Ashe ba ki mutu ba," na ce wa Raili.

"Kwanta," ta ce.

Ta tsufa, amma hannun yana nan. Ta murje wuyana, ta murje kafaɗa, ta bi gefen hagu da ƙarfi har na cije leɓe. Da ta zo dama, sai soson ya tsaya. Ya zagaye wurin, ya sauka kan haƙarƙari.

"Me kika gani?"

Ta ci gaba da murzar haƙarƙarina.

"Tsohuwar banza, buɗe baki sau ɗaya a rayuwarki! Me kika gani?"

"Juya," ta ce.

Ban juya ba. Na tashi da kumfa a jikina, na zura kaya, ban tsaya ko'ina ba sai asibiti. Mako mai zuwa za a yi mini aiki, kuma likita ta ce na zo da wuri.

'Yata ta ce ya kamata in kai wa Raili furanni, tunda ita ta nuna mini. Na sayi furannin, na kai su kabarin Aune. Raili ba ta gaya mini komai ba. Yayata ce ta gaya mini, a waya, tana dariya.