Baba Mai Buta, Wanda Ya Ƙi Ɗaura Taya Mai Kwalliya

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Mai Buta ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jingina tayoyi da bango, ya cika butarsa ya ajiye kusa da injin hura iska. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, a garin da in ruwa ya kankama sai a kwana uku ba a ga rana ba. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, ƙarshen watan nan zai bar wa ƙaninsa rumfar. To, kafin ya koma gida ya ishi matarsa da zama, bari a tona shi.

Sunan nan a bakin aiki ya samo shi. Duk tayar da za ka saya, sai ya tsayar da ita ya tsiyaya mata ruwa. In ruwan ya bi zanen ya zirare gefe, ya ce, "Wannan ta san damina." In ya kwanta a kai, ya ce, "Wannan iyo za ta koya maka." Sannan ya tsoma kan ashana ya ga zurfin zanen, ya goge gefenta ya karanta shekarar da aka ƙera ta. Kuma bai taɓa tura mutum ga mai tsada ba. Wata malamar asibiti ta ce ranar da ta je da ƙarfin taya biyu kacal, tana jin kunya, cewa ya yi, "Biyu sun isa, 'yata. Sababbin a baya za mu sa, kar motar ta juya miki a santsi."

Amma babban labarin na Alhaji mai motocin haya ne, wanda bas-bas ɗinsa shida ke jigilar matan kasuwa. Aikin motocin nan shi ke riƙe da tukunyar gidan Baba. Farkon wata damina Alhajin ya zo da tayoyi baƙaƙe wuluk, sai sheƙi.

"Ɗaura mini, Baba. Araha na tsinta."

Baba ya juya ɗaya, ya kafa farce cikin zanen, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan tsohuwa ce aka yi wa kwalliya. Ta suɗe, aka sake sassaƙa mata zane da ƙarfe mai zafi, aka shafe ta da man takalmi. Ga waya nan tana leƙowa."

"Ni ba wa'azi na zo ji ba. Motocina ne!"

"Motocinka ne, ranka ya daɗe, amma matan da ke ciki ba naka ba ne."

Alhaji ya kumbura, ya kwashe tayoyinsa da motocinsa ya kai wani wuri aka ɗaura. Rumfa ta yi tsit. Baba ya koma yini yana korar ƙuda, a gida kuma matarsa ta tare shi da ludayi a hannu: "Malam, gaskiyar taka gaya za mu ci ta, ko da miya?"

Sai dai akwai wata tsohuwa a kusa da rumfar wadda kunnenta ba ya hutu, bakinta kuma ba marfi. Kafin kwana biyu labari ya gama kasuwa, har da bayanin cewa duk tayar da Baba ya ɗaura yana ɗiga mata farin fenti. Sai ga mata a tasha sun sauke kaya, sun duƙa suna leƙen ƙafar mota.

"Direba, ina farin ɗigon?"

"Haba Hajiya, shiga mana, ruwa zai sauko!"

"Ai ruwan ne ya sa nake tambaya, ɗan nan."

Suka gwammace su jiƙe suna jiran wata motar. Mako biyu bas shida suna yawo da kujeru zalla. Rannan sai ga Alhaji a bakin rumfa yana sosa ƙeya.

"Baba, ashe kana nan?"

"Ina za ni, Alhaji?"

Ko gori bai yi masa ba. Ya zaɓar masa matsakaita masu zurfin zane, daidai ƙarfinsa. Da Alhaji ya ce zai nemi wanda zai sayi masu kwalliyar, Baba ya ɗauko wuƙa ya tsarga su ɗaya bayan ɗaya.

"A kai wa masu yin guga. Can ne za su shiga ruwa ba su kashe kowa ba."

Baba, kai ne ka zaɓi tukunyarka ta yi sanyi da a ce wata uwa ta fita kasuwa ba ta dawo ba. Kai ne makarin santsi, mai ido a farce. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya, ya ba uwargida haƙurin zamanka.

Ku kuma masu wannan sana'a, ku koyi cewa a'a tun kuna da ƙarfi. Matan kasuwa dai sun riga sun iya duƙawa.