Allunan da Kaka Ke Gani a Hanyar Sakkwato

Litinin: Sabon Birni

A da, in Kaka zai tafi Sakkwato, tun assalatu yake tayar da mota, ya yi sallar asuba a hanya. Yanzu, saboda 'yan bindiga, ba mai wannan ganganci. Sai da gari ya waye sarai, motocin tasha suka haɗu biyar ko shida, sannan muka bi ayari. An gama girbin gero, gonaki duk sun koma kara.

Mu biyu ne a tsohuwar Fijonsa, ba fasinja. Ni Kulu, malamar asibiti, jarrabawar dokokin hanya zan rubuta in karɓi lasisin tuƙi na farko. Shi kuwa Kaka, mahaifin mahaifiyata, wanda tashoshin Gobir suka sani da Mamman Direba, nasa ne ya ƙare zai sabunta. Tun kafin a haifi mahaifiyata yake jigila tsakanin Isa, Sabon Birni da Burkusuma. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon bayan firamare, yana faɗa yana dariya.

Tafiyar da ƙulli a cikinta. 'Ya'yansa sun daɗe suna cewa ya ajiye tuƙi, idonsa ya yi rauni. Shi kuwa ya ce ba haihuwar jiya za ta sauke shi daga mota ba. Da aka gaji da ja-in-ja sai aka yi sharaɗi: ofishin lasisi ne zai raba gardama. In sun gwada idonsa sun sabunta, ba mai sake magana. In sun hana, ya ajiye. Ni ban ma san wanne nake so ba. Ina tsoron hanya ta ci shi, ina kuma tsoron zaman gida ya ci shi.

Muna fita gari ya ce, "Uwargida, buɗe littahin naki." Haka yake kirana tun ina goye, wasan kaka da jika. "Yau za ni gani ko akwai wani abu cikin kanki ban da allura."

Hanyar Goronyo

Na buɗe littafin dokokin hanya, wanda na yi wata guda ina bita har bangonsa ya yage. Na ce ni zan fara tambaya.

"In ka iso shataletale, wa ke da hanya?"

"Na dama."

"Littafi ya ce wanda ya riga shiga."

"Can Madawa na dama ad da hanya, kuma ban ga wanda ya mutu ba."

"Kaka, ba Nijar za ni rubuta jarrabawa ba."

"To bi littahinki. Ni can ƙetare anka hore ni."

Muka yi ta haka, ina karantawa yana gardama. Kowace doka tana da labari a bakinsa. Nan ne tayarsa ta fashe da buhunan albasa, can ne wata Bafulatana ta haihu a bayan mota aka sa wa yaron sunansa. Ya nuna mini gindin tsamiyar da ake sayar da fura mai sanyi a da, inda yake tsayawa ya saya mini in na yi kuka. Tsamiyar tana nan. Masu furar da garinsu duk sun tashi, sai katangu. Na ji kewar wancan zamani har cikin raina.

Can sai ya ce, "To, nawa juyi. Wancan allon na gaban gada, mai jan baki, mi shika nuhi?"

Na duba. Gada tana nan, amma babu allo, sai kalgo da ciyawa. Na ɗauka tarko ya ɗana mini, na ce, "Gada ce mai ƙunci, a rage gudu."

"Madalla."

Ba a jima ba ya sake nuna wani, wai mai hoton saniya. Shi ma babu. A nan na tuna allon. Yana nan lokacin da nake 'yar firamare, ina zaune a gaba ƙafata ba ta kai ƙasa. Iska ko masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe da raba shi da wurin. Kaka ba tarko yake ɗana mini ba. Hanyar da ke cikin kansa yake tuƙawa. Na amsa masa, ya ce madalla, na rufe littafin na zuba wa titi ido.

Gab da Goronyo akwai shingen sojoji. Motar gabanmu ta riga ta wuce, Kaka kuwa bai ɗaga ƙafa ba.

"Kaka, shinge!"

Ya taka birki, mota ta yi ƙara, muka tsaya saura taku ɗaya mu kwashe durom. Soja ya taso da fushi, amma da ya ga furfura sai ya sassauta. Ya duba takardu, na yi masa bayanin inda muka nufa, ya ce mu bi a hankali.

"Wanga shingen ba shi nan da," in ji Kaka bayan mun wuce.

Durom uku masu farin fenti ai ba allura ba ne.

A Goronyo muka ci soyayyen kifi da yaji a bakin tasha. Kaka, wanda ba ya barin mai kifi sai ya tsokane ta, ya ci nasa bai ko kalle ta ba. Daga nan har Achida, har cikin Sakkwato, ni ce idonsa. Sai in yi kamar hira nake: ga mai babur can zai tsallaka, ga amalanke a dama. Ya gane, bai hana ni ba. Ana kiran azahar muka isa gidan Gwaggo Asabe, ƙanwarsa.

Sakkwato, bayan la'asar

Gwaggo ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina zaune gindin darbejiya ina bitar alamomin hanya, sai Kaka ya jawo tabarma ya zauna kusa da ni. Ya ciro carbinsa yana ja, ya jefo mini tambaya.

"Allon nan na haruhwa da kuka gwada idon mutane da shi asibiti, ai iri ɗaya na ko'ina?"

"Kusan haka."

"Biya mani shi, layi-layi. Ni da na hardace izu ashirin ina yaro, wanga ba shi gagara ta."

Wallahi na san allon kamar sunana, kuma na san kafin magariba zai haddace shi tsaf. Na dubi hannunsa, duk kanta saboda sitiyari. Na tuna durom ɗin nan. Na tuna matan da yake ɗaukowa daga Burkusuma ranar kasuwa, da goyo a baya.

"Kaka, ba ni iyawa."

"Ni na ɗora hannunki bisa sitiyari."

"Shi ya sa."

Ya naɗe tabarmarsa. "Allah shi ba ki sa'a gobe, Hauwa'u."

Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba sai ranar. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Talata: ofishin lasisi

Da hantsi aka shigar da mu ɗakin jarrabawa, kowa da kwamfutarsa. Tambayar shataletale ta fito, har yatsana ya nufi "na dama" kafin in dawo hayyacina. Sauran suka zo da sauƙi: tazarar da ake bari tsakanin mota da mota, inda aka hana wuce na gaba, ma'anar fitila mai ruwan ɗorawa. Na ci. Aka gwada tuƙina a fili, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, aka ba ni takardar wucin gadi kafin katin ya fito. Ban tsaya murna ba, na nufi ɗakin gwajin ido.

Jami'in Bayarabe ne, girman Sakkwato. Yana ganin tsagen Gobirawa a kumatun Kaka ya washe baki, domin tsakaninmu da Yarbawa wasa ne tun kaka da kakanni.

"A'a! Yau bawana ne ya zo gaishe ni?"

Kaka ya farfaɗo nan take. "Bawa ya ga ubangijinai ya rikice. Tashi ka ba ni kujera!"

Aka yi dariya, aka zaunar da shi, aka rufe masa ido ɗaya. Babban harafin sama ya faɗe shi da ƙarfi. Layi na biyu ya yi canki, ya dace da ɗaya. A na uku ya kasa. Ina tsaye a bakin ƙofa, bakina yana motsi da haruffan, na sa gyale na rufe shi.

"Ɗan Yarbawa, bari wahal da kanka," in ji Kaka. "Hazo nika gani."

Jami'in ya ajiye sandar nuninsa, ya zo ya durƙusa a gabansa. Ya haska idon da 'yar fitila.

"Baba, kamar yanar ido ce, kuma ana cirewa. Ka je asibitin ido. In sun gyara ka dawo, da hannuna zan sa maka hannu. Amma yau in na ba ka, na ci amanar wasanmu."

Kaka ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce, "Karo na hwarko da Bayarabe ya hwaɗi gaskiya." Muryarsa ce kawai ba ta yi dariyar ba.

Laraba: komawa gida

Da safe na tarar da shi a kujerar mai zaman banza, makulli yana jikin mota. Gwaggo ta sa mana ƙullin kilishi, ta yi addu'a, muka kama hanya.

Har Achida yana ta kallon waje ta gilashi. Ni kuwa gumi nake, domin ban taɓa tuƙa doguwar hanya ba. Bayan mun wuce sai na ji ya ce, "Rage, akwai rami bayan kwanar ga." Na rage, ga rami kuwa, ƙato. Daga nan ya shiga aiki: kama dama, saki giya, bar wa babbar mota hanya. A shingen Goronyo na miƙa sabuwar takardata, sojan ya duba ni ya duba Kaka, ya ce Allah ya kiyaye. Wajen tsamiyar furar nan ya ce, "Uwargida, tuƙinki na tsoro na, amma ba shi kashe kowa." Sai da na share ido da bakin gyale.

Da rufin kwanon Sabon Birni ya bayyana, ya gyara zama ya yi gyaran murya. Na ɗauka zai ce in tsaya mu yi musanya, don kada 'yan tasha su gan shi a wannan kujera. Na riga na fara neman abin da zan ce. Bai nema ba. Muka ratsa ta gaban tasha, gilashinsa a sauke, yana ɗaga wa kowa hannu.

Sai da muka shiga lungun gida ya ce, "Danna hon. Biyu gajeru, ɗaya dogo."

"Na mene ne?"

"Da shi kakarki ta san na dawo da raina, tun tana amarya."

Na danna. Kafin in kashe mota, Iya, kakata, ta fito zaure da moɗar ruwa, ta nufo gefen direba kai tsaye. Ta gan ni. Ta ɗan tsaya, sannan ta zagaya ta gaban mota, ta buɗe masa ƙofa, ta miƙa masa ruwan da hannu biyu.

"Sannu da hanya, Malam."

"Lahiya lau munka iso," in ji shi. "Ki ba direba ta hwara sha."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya. An ba mu ranar ganin likitan ido bayan sallah, kuma ni zan kai shi.