Wayar Jan Ƙarfen da Babana Ya Ja

Jiya da azahar na ji warin roba tana ƙonewa, na tashi ina laluben bango kamar mahaukaciya. Ke jikata mai riƙe da biro, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini. Tun da kakanku ya rasu ba mai saurarona a gidan nan. To, takarda ta saurara.

Ina yarinya, a shekarun farko na mulkin kai, gidanmu yana cikin tsohon garin Agadas, inda in ka ɗaga kai za ka ga hasumiyar masallaci. Babana maƙerin azurfa ne. Wani ma'aikacin gwamnati da Baba ke ƙera wa matarsa kayan ado, shi ya sa aka jawo mana kuran, wato wutar lantarki, daga injin da ake tayarwa da magariba. Wanda ya zo ɗaurawa baƙo ne daga kudu, ba ya jin Hausa. Ya bi azarar rufi da waya, jikin tabarmin kaba. A bakin zaure ya kafa ɗan farin akwatin tangaran, da wata waya ciki siririya kamar gashi. Ya nuna ta, ya yi ta zuba Faransanci, ya tafi. Har yau ina jin haushinsa. Gari cike da tafintoci, ya kasa kiran ɗaya?

A ɗakin Kaka aka rataye ampul na farko, wato ƙwan fitila, don girmamawa. Ita ta haifi Baba, ƙafafunta kuwa sun daɗe da mutuwa, sai an ɗauke ta. Ta dubi hasken nan ta ce, "Wutar da ba a hura ba, da me ake kashe ta?"

Baba ya yi dariya. "Inna, ni da na tashi a bakin zuga-zugi?"

A unguwarmu ba a hana maƙwabci garwashi, to ina za a hana shi wannan? Gida bayan gida aka riƙa jan waya daga wurinmu. Siririyar wayar nan ta dinga ƙonewa, kowa ya koma duhu. Ga maƙeri, ƙarfen da ya tsinke ƙarfen banza ne. Baba ya zauna a maƙera ya ja wayar jan ƙarfe mai kaurin awarwaro, ya sa a akwatin. Aka yi ta yabonsa, wai wutar gidan maƙeri ba ta mutuwa. Ba wanda ya san an yi siririyar ne don ta mutu a madadinmu.

Cikin bazara ne, azara ta bushe ƙamas. Maza sun tafi sallar magariba, inji ya tashi, sai warin nan. Kafin mu gane, rufin ɗakin Kaka ya kama. Goggo ta watsa ruwan tulu, kuran ya yar da ita gefe. Innata ta kutsa ƙofa, tabarma mai ci da wuta ta faɗo gabanta. Ina tsaye tsakar gida ina jin Kaka tana kiran ɗanta da sunan yarintarsa, har ta daina.

Aka ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta ja wayar nan ba. Baba bai ƙara hura wutar maƙera ba har ya bar duniya.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, na ba shi labarin nan muna amare. Duk zamanmu, in kuran ya yanke, sai ya bi ɗaki-ɗaki ya gano dalili kafin ya mayar.

Yanzu fa? Yayanki ya cika gida da firji da fanka da dutsen guga. Abin nan na jikin kwantar, wato mitar wuta, wanda ke faɗuwa in kaya sun yi yawa ya dame shi, sai ya tokare shi da tsinken itace. Da na yi magana ya ce, "Kaka, ke ba ki san kan kuran ba."

Ni ce ban sani ba?

Rubuta masa wannan da manyan baƙaƙe. Yanzu ni ce tsohuwar da sai an ɗauka, kuma a ɗakina ya rataye ampul mafi haske. Ko ya cire tsinken nan ya kira mai gyara, ko ya fitar da tabarmata bakin titi kafin ya tafi magariba.