Baba Zauna-Tukuna

Ƙarfe biyar da rabi yake buɗe ɗakin makullai na kamfanin motocinmu. Ba ya kunna rediyo, ba ya taɓa waya. Taga yake fara buɗewa, ya share ƙasa, ya goge dogon bencin da ke jikin bango, ya jera kofunan ruwa. Sannan ya zauna shiru yana kallon allon da makullan bas ashirin da huɗu ke rataye. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Watan jiya ya ajiye aiki, kuma tun kafin ya tafi muka ji ƙishin-ƙishin za a fitar da bencin, a kawo akwatin da direba zai danna yatsa ya ɗauki makulli ya wuce. Maganar ta dame shi, mu ma ta dame mu.

Mu direbobi Baba Zauna-Tukuna muke ce masa. Komai saurinka, ba ya miƙa maka makulli sai ka zauna minti goma, ka kife wayarka, ka shanye kofin ruwa. Daga nan ya ce, "Ina kwana?" Ka ce, "Lafiya lau." Sai ya leƙo ka ta saman tabarau: "Wannan ta gaisuwa ce. Yanzu ba ni ta gaskiya." A kan bencin nan aka fallasa masu ciwon kai, da masu faɗa da mata, da wani abokinmu da ya fito da takalmi wari da wari bai sani ba. Muna dariya, muna tsokanar juna, rana na fitowa a hankali. Wallahi ina kewar safiyoyin nan.

Ni da nake wannan rubutu na fi kowa ƙunƙuni a kansa, har ranar da ya ƙwace ni daga hannun kaina. 'Yata ta yi kwana uku da zazzaɓi, ni da uwarta ba wanda ya runtsa. Na iso a makare, fasinja arba'in sun cika mota suna ta mita. Na ce, "Baba, don Allah yau dai ka yi mini afuwa."

Ya ce, "Zauna tukuna, ɗana."

Manaja ya faɗo ɗakin yana huci. "Baba, ba shi makulli mana! Mutane na jira!"

Baba ko murya bai ɗaga ba. "Ranka ya daɗe, ga allon nan, ɗauka da hannunka ka ba shi, ni kuma ka sallame ni. Amma da hannuna, sai ya zauna."

Manaja bai ɗauka ba. Na zauna raina a ɓace, kofi a hannu, ina shirya baƙar maganar da zan yaɓa wa tsohon. Abin da na sani ke nan. Da na buɗe ido rana ta ɗaga, rigar sanyin Baba na ƙarƙashin kaina, wani direban ya daɗe da tafiya da motata. Awa uku na yi ina barci. Da an ba ni makullin, da barcin nan a kan babbar gada zai same ni, da rayuka arba'in a bayana.

Ladan Baba a ranar takardar gargaɗi ce daga ofis. Ya karanta, ya ninke ta gida huɗu, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar bencin da ke girgiɗi.

Baba, kai ne mai rage wa gaggawa gudu. Kai ka koya mana cewa wanda ya fito daga gida a hargitse, a hargitse zai riƙe sitiyari. Saboda kai yanzu nake tashi da wuri, in zauna in sha ruwa, in dubi iyalina da kyau kafin in nemi takalmi.

Ranarsa ta ƙarshe, karon farko, muka same shi a tsaye. Sauri yake ya damƙa makullai ya tafi kafin mu ga idonsa. Manajan nan, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ya tare ƙofa.

"Baba, zauna tukuna. Ina kwana?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Mu duka muka haɗa baki: "Wannan ta gaisuwa ce!"

Ya zauna, ya daɗe yana shafa katakon. Can ya ce, "Ban yi barci ba. Bencin nan nake tunani."

Manaja ya ce, "Akwati zai zo, Baba, amma ba mai taɓa shi sai ya zauna. Ina benci zai je, alhali takardata ce ke riƙe da ƙafarsa?"

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu karatu, gobe da safe kafin ku zari makulli, ku ba kanku minti goma, ku tambayi na kusa da ku yadda ya kwana, ku jira amsa ta biyu. 'Yar tawa bana ta gama makaranta, kuma ubanta ne ya kai ta bikin yaye su da kansa.