Firintar da Ba Ta Jin Kowa Sai Shekari

Istifanus Shekari ya zo Kakuri daga Zonkwa da akwatin kwano, ya tsufa a kan tafireta a ofishin wata masaƙa, ba mai ko tambayarsa ya gida. Da kwamfuta ta zo a 1987, shi aka tura kwas, don kowa na gudunta.

A nan ya tsinci gonarsa. Duk takardar da za a buga sai ta shiga layi, layin kuma yana da suna. Shirin saita firinta yakan karɓi kowane suna ya ce lafiya lau, amma in sunan ya wuce harufa takwas, firinta sai ta yi gum, ba gargaɗi ba dalili. Shekari ya gano wannan sirrin, ya haɗiye. Ran da aka yi masa kallon banza, sai ya ƙara wa sunan wutsiya, ya tafi cin doya bakin get. A biyo shi ana, "Baba Shekari, don Allah."

Wannan "don Allah" ta fi masa albashi daɗi.

Sai aka ɗauki Judith, 'yar Barnawa mai difloma, ga kuma raɗe-raɗin rage ma'aikata. Kujera ɗaya, mutum biyu. Daga nan firinta ba ta ƙara mutuwa ba sai ranar aikin Judith, motoci na jiran takardun atamfa.

"Ke da difloma, inji ma ya raina ki?" in ji Oga Wilson, manaja.

Shekari ya shigo yana sakace. "'Yata, boko daban, aiki daban. Matsa." Ya kare allon kwamfutar da ƙugunsa.

Ranar ce Judith ta hango yatsunsa a gilashin taga suna rage sunan layin, amma an riga an sa hannu a sallamarta, Wilson kuma ba mai lashe amansa ba ne. Ta rataya jaka, ta tsaya tsakiyar ofis.

"Jama'a, in firinta ta yi shiru, ku rage sunan layi ya koma harufa takwas. Maganin Baba ke nan. Ciwon ma shi ne."

"Ƙarya take! Yarinya marar kunya!" in ji Shekari.

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Kujera dai ta zama tasa. Da firinta ta sake yin shiru, Celina mai tafireta ta gyara ta a tsaye, ta wuce shi ko sannu babu. Ya zauna da hannuwa a cinya har aka tashi.