Bangon da ke tsakanin kicin da sito

Malama ta shekara ashirin da shida tana koyarwa, kuma duk wanda ya zauna da ita ya san ba ta son a gyara mata magana. A aji ita ke riƙe da jan biro. A gida ma haka abin yake, maigidanta ya daɗe da koyon cewa "to" ya kama bakinsa.

Yayanta birkila ne. Yana aji biyar mahaifinsu ya kwanta ciwo, ya ajiye makaranta ya shiga ɗaukar bulo don ita, autarsu, ta ci gaba da karatu. Siminti ya cinye masa farce, tafin hannunsa ya yi kanta kamar ɓawon itace. In ya zo gidanta ba ya zama a kujerun falo, wai kada ya ɓata mata su. Ita kuwa, tsakani da Allah, ko sau ɗaya ba ta taɓa matsa masa ya zauna ba.

Da ta tashi gyaran gida, so take a rushe bangon da ya raba kicin da sito, wuri ya buɗe, a shimfiɗa tayil. Maigidan ya ce a kira Yaya. Yaya ya zo, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, ya hau tsani ya leƙa cikin silin, ya sauko duk yanar gizo a hularsa. Ya ce katakon rufi a kan bangon nan yake zaune. Sai an tokare rufin, a zuba bim na kankare da zai ɗauki nauyinsa, a jira ya kama, sannan a rushe. Mako uku, in an yi sauri.

Malama ta ce mako uku tana girki a tsakar gida? Wannan ai aikin mutanen da ne.

Ya yi dariya ya ce, "Auta, gini ba allon ajinku ba ne da za ki goge ki sake."

Wasa ya yi mata. Ita ta riƙe abin a zuci.

Wata abokiyar aikinta ta haɗa ta da ɗan kwangila, mai mota da ƙamshin turare da hotunan gidaje fal a waya. Bai ƙwanƙwasa komai ba, bai hau tsani ba. Duk abin da ta faɗa sai ya ce an gama, ranki ya daɗe, kwana biyar. Matar da ba ta yarda da makin ɗalibi sai ta ga takardarsa, ba ta ce ya kai ta gida ko ɗaya da ya gyara ta gani da idonta ba. Yaya kuma ko waya ba ta yi masa ba.

Rana ta uku aka rushe bangon. Rana ta huɗu silin ya yi ciki, tsaga ta taso daga kusurwa, ƙofar ɗakin kwana ta ƙi rufuwa. Ɗan kwangila ya ce ƙaramin abu ne, akwai wani tsoho da suke kira in aiki ya ɗan kwaɓe, gobe zai zo.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta taho da malamai mata biyu, za ta nuna musu sabon kicin. Suka tarar an kakkafa itatuwa an tokare rufi. A saman katako wani mutum ya ba su baya yana ɗaure rodi da waya. Ta gane ƙeyar tun kafin ya juyo.

Ɗan kwangila, ganin baƙi, ya ɗaga murya: "Kai tsoho, yi da jiki mana, matar gidan ta dawo."

A nan ne ya kamata ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, tun tana rarrafe take faɗinta. Ta dubi malaman da jakunkunansu, ta dubi wandon Yaya da ya daskare da siminti, ta yi shiru. Shirun bai fi a ja numfashi uku ba, amma ya ji shi.

Ya sunkuyo daga saman katakon ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. A ɗan matsa baya, kada ƙura ta ɓata muku kaya."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da ta shige. Malaman suka yaba faɗin wuri, suka ce tsohon nan akwai ladabi, suka tafi.

Kwana biyu yana zuwa da safe, yana aiki, yana tafiya. Ran da aka gama zuba kankaren ta tsaya a bakin ƙofa har leburori suka watse. Yana wanke hannu a bokiti ta matso, muryarta a ƙasa.

"Yaya."

Bai ɗago ba. Ya ce kada kowa ya taɓa itatuwan nan, ko ɗan kwangila ya ce a cire kada ta yarda, shi zai dawo ya cire da kansa. Kankaren kuma a riƙa jiƙa shi safe da yamma, in ya bushe da wuri tsagewa zai yi. Ya goge hannu a wando ya fita.

Maigidan ya ce zai sa a riƙa jiƙa kankaren. Ta ce a'a. Kullum kafin ta tafi makaranta takan tattare zani ta hau tsani da buta, ruwan yana biyo hannunta har gwiwar hannu, tana ƙirga kwanakin da suka rage ya dawo.